Ban Ɗaga Hannu Ba Tukuna

Kafin in ɗora daga inda na tsaya, bari in sallami masu rubuto min a ƙasan kashin da ya wuce. Wata ta ce, "Ke kam kin cika iyayi, lauya guda ya sunkuyo neman mai faci, kina ja masa aji." Wata kuma ta tuna min cewa shekara ashirin da takwas ba wasa ba ce, in rufa wa kaina asiri tun ana kallona. Na ji, na gode. Sai dai ku sani ban kawo labarina nan don a tausaya min ba. Ku karanta abin da ya faru ranar Asabar tukuna, sannan kowa ta faɗi son ranta.

Ga waɗanda yau suka shigo: ni 'yar mai gyaran taya ce. Shagonmu yana ƙasa, gidanmu yana sama, matakala goma sha huɗu ce tsakaninsu, kuma warin roba ya san hanyar kowane ɗaki. Shekara uku ke nan da Baba ya yanke jiki ya faɗi a bakin injin cire taya, ɓarinsa na dama ya shanye. Ba shi da ɗa namiji. Ni na ɗauki makullin, ni da Dogo, wanda yake wa Baba aiki tun ina goye. 'Yan layinmu Sufana suke ce min. Umma tana jin haushin sunan, ni kuwa ko a jikina. Sufana dai ba don ado ake ajiye ta ba.

A gidanmu ba a kallon ƙwallo. Tseren mota muke kallo, kuma ƙungiya ɗaya muka sani, 'yan Shaho, masu motoci launin shunayya. Tutarsu tana rataye a bangon shago, ta koɗe har shahon ya koma kamar tattabara. Mutane suna zaton direbobin ne suka ja hankalin Baba. A'a, masu canza taya ne. Mota za ta shigo a guje ta tsaya cak, su rufar mata, kafin ƙiftawar ido taya huɗu sun fita huɗu sun shiga. Kowace ƙafa da mai ɗaure notinta, in ya gama sai ya ɗaga hannu sama. Akwai mutum ɗaya a gaba da ba shi da wani aiki sai kallon hannuwa. Sai ya ƙirga huɗu zai saki mota.

Daga nan Baba ya ɗauko dokar shagonmu. Mota ba ta motsawa daga ƙofarmu sai wanda ya ɗaure notin ya ɗaga hannu, ko da mai motar zai fasa mana kunne da hon. Noti biyar, ba a bin su a jere, tsallake ake yi kamar zanen tauraro. A ƙarshe a ɗauko doguwar sufana mai ƙara, a ja har ta ce ƙas a kan kowanne. Ƙas biyar, sannan hannu. Shekara talatin ba a taɓa dawo mana da labarin tayarmu ta fita a hanya ba. Wasu fili suka gada. Ni wannan na gada, kuma ba na jin kunyarsa.

Shi kuwa Lauya, wata goma sha ɗaya da suka wuce ya shigo a duba masa iska, na ga hoton shaho manne a gilashin bayan motarsa. Na ce, "Kai ma kana cikin masu wannan ciwon?" Ya ce, "Tun ina firamare." Daga nan aka fara. Ba zan ɓata shi don ina fushi ba. Mutum ne mai tsafta, mai fara'a, ya iya zama da tsofaffi. Duk ranar ganin likita shi yake goya Baba ya sauko da shi matakalar nan, da kwat ɗinsa da komai. Ina son sa. Na rubuta a fili don kada wata ta ce dama hanyar gudu nake nema.

To, bana Shaho ya ba mu kunya. Tsere goma sha takwas, ko sau ɗaya ba mu shiga ukun farko ba. Yau inji ya kama hayaƙi, gobe an sa tayar rani ana tsuga ruwa, jibi direbobinmu biyu sun gwabza wa juna a kwanar farko kamar raguna. Duk Litinin Dogo, wanda ke bin 'yan Walƙiya masu cinye komai, zai shigo yana washe baki.

"Sufana, ina kwana? Yaya jikin kazar taku?"

"Shaho ne."

"Shahon da kaji ke kora? Ku yanka shi kawai kafin ya zama mushe."

"Ɗauko jek, Dogo, mota na jira."

Lauya ya fi kowa ɗaukar zafi. In ana tsere wayata ba ta hutawa. Yau a kori shugaban ƙungiya, gobe a sayar da motocin wa masu gwangwani. Ni dariya nake yi, don ni ma abin yana cina.

Lahadin da ta wuce waccan, a tsere na kusa da na ƙarshe, sai ga abin mamaki. Aka yi ruwa, manya suka zazzame, motarmu ta tsinci kanta a gaba. Ta ɗaya! Muna falo, Baba yana kujerarsa ta bakin taga da hular Shaho a kai, yana buga hannunsa mai lafiya a gwiwa. Umma da ke cewa kallon nan ɓarnar wuta ce, ta fito daga kicin da ludayi ta tsaya. Saura zagaye goma sha biyu direbanmu ya shigo canjin taya. Ya fita. A kwana ta uku tayar baya ta hagu ta rabu da motar, ta wuce ta tana tsalle ita kaɗai kamar an aike ta.

Baba ya cire hular ya ɗora a cinya. Umma ta koma kicin.

Wayata ta fara rawa a kan tebur da saƙonnin Lauya.

"KIN GANI???"

"Shekara guda muna jira, wani ɗan ɗaure noti ya kashe mu"

"Aiki ɗaya gare shi a duniya"

"A kore shi yau, ko jirgin komawa kada a sa shi, ya tako a ƙasa"

"Irin mutanen nan hannu ne da su kawai, babu kai"

Na daɗe ina kallon na ƙarshen. Na kalli hannuna. Na ce a raina zafin kaye ne, bari ya huce.

Amma abin ya tsaya min. Litinin da rana, da aiki ya lafa, na zauna kan tsohuwar taya na nemo bidiyon canjin, na rage masa gudu. Sau bakwai na kalla, sannan na kira Dogo.

"Duba mutumin baya na hagu. Me ka gani?"

Ya goge ido ya matso da fuska. "Bindigarsa ta ɗaure noti ta ƙi cin notin. Ga shi nan yana sake kai ta."

"Hannunsa fa?"

"Yana ƙasa." Ya ɗago ya dube ni, wasa ya bar fuskarsa. "Kai! Bai ɗaga ba. Uku aka ɗaga, na gaban ya saki mota."

Bawan Allah har bin motar ya yi da gudu yana kaɗa hannuwa. Duniya tana zaginsa, an baza hotonsa ko'ina, alhali bai gama ba kuma bai ce ya gama ba. Ku riƙe wannan, 'yan'uwa mata. Wanda ya ce "ban gama ba" ba shi ne mai laifi ba. Mai laifi shi ne wanda sauri ya hana ƙirga huɗu.

Na tura wa Lauya. "Kalli daƙiƙa ta tara. Bai ɗaga hannu ba."

Amsa ta zo tun kafin in ajiye wayar, wato ko buɗewa bai yi ba. "Injiniyata, ai dole ki kare ɗan sana'arku. Taya ta fita ko ba ta fita ba? An rufe shari'a. Ki yi tunanin Asabar kawai."

Asabar ita ce ranar da baffansa, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa, zai taso daga wani gari ya zauna da Baba ya ji amsa. Baba ya riga ya ce amsar a bakina take. Ni kuma, in faɗi gaskiya, na riga na ce to.

Gwaggo, yayar Baba, ta tare a gidanmu tun Alhamis da akwatinta. Aka wanke labule, aka canza rigunan kujeru, aka fito da kofunan nan masu bakin zinare da ba a taɓa shan komai da su ba tun ina yarinya. Ni kuma aka tasa ni gaba da buroshi da lemon tsami.

"Miƙo hannun nan. Inna lillahi! Wannan farce ne ko gindin tukunya? 'Yar nan, miji lauya, a ce ya kai ki cikin mutane ki miƙa musu wannan?"

"Gwaggo, hannun nan shi ya kawo kujerar da kike kai."

"Ji bakinta. Bakin nan ne ya kai ki ashirin da takwas. Ki saurare ni da kyau. In an tambaye ki, ki sunkuyar da kai ki ce to. Kalma ɗaya. Ba a ce ki tsaya yi wa mutane lacca a kan iskar taya ba."

Asabar ƙarfe biyu na gama shiri. Doguwar riga ruwan zuma mai aikin zare a wuya da bakin hannu, mayafi mai laushi kalar madara, 'yan kunnen Umma na aurenta, da takalmi mai tsini wanda na yi kwana uku ina koyon tafiya da shi a tsakiyar falo. Da Umma ta gan ni sai ta juya baya tana gyara labulen da ba abin da ya same shi. Ƙarfe huɗu baƙi za su zo. An rufe shago tun sha biyu, Dogo ya tafi gaida surukansa.

Biyu da rabi waya ta yi ƙara.

"Injiniyata, taimaka min. Na taka ƙusa, tayar gaba ta kwanta, safaya kuma babu iska. Ina ƙofar shagonku. Jirgin ƙasan Baffa uku da kwata zai iso."

Gwaggo ta tare ƙofa da jikinta. "Wallahi ba ki isa ba. A cikin wannan rigar?"

"Gwaggo, in ban sauka ba baƙon naki a tasha zai wuni."

Na cire mai tsini na zura silifas, na ɗora tsohuwar rigar aikin Baba a kan ta zuma, na naɗe hannu na sauka.

Yana tsaye cikin fararen kaya yana kallon agogo. Ya ce "kin yi kyau" idonsa a kan tayar. Na ɗaga ƙofar shago rabi, na jawo jek. Ƙusa ce mai tsawon yatsa. Cirewa, faci, iska, dubawa a ruwa: minti goma sha takwas, ni kaɗai, cikin doguwar riga. Duk wanda ya san aikin ya san wannan ba ƙaramin hannu ba ne. Shi kuwa sai zagaye ni yake yi.

"Uku saura biyar."

"Na ji."

"Baffa ba ya son jira. Tsohon shugaban makaranta ne, minti ɗaya a wurinsa..."

"Matsa min daga haske."

Na mayar da tayar, na murza noti biyar da hannu, na ɗan kama su da ƙaramar sufana, na sauke jek na janye shi. Na shiga ciki ɗauko doguwar. Ƙarƙashin tutar Shaho take rataye, taku goma daga ƙofa. Hannuna yana kanta na ji an tada inji.

Ban san lokacin da na fito ba. Silifas ɗaya a ciki ya tsaya. Motar ta fara gangarawa titi, na sha gabanta na dafa bonet. Ya taka birki har ta dungura.

Ya leƙo ta taga. "Kin haukace ne? Da na take ki fa!"

"Kashe motar."

"Kin gama mana! Da idona na ga kin ɗaure."

"Ka ga na ɗaga hannu?"

"Don Allah bar wannan wasan kwaikwayon naku na gareji. Nan ba filin tsere ba ne. Dattijo zai tsaya a tasha saboda noti?"

"Kashe motar, Lauya."

Mai askin da ke jikin shagonmu ya fito da almakashi a hannu, wanda ake yi wa askin ma ya biyo shi da rabin kai. Matar benen tsallake ta ɗage labule. Lauya ya ga idanu, kunya ta juye masa ta zama fushi, ya danna hon. Dogon hon, a fuskata, ina sanye da 'yan kunnen Umma.

Ban matsa ba.

Ya fito ya bugo ƙofa. Ya rage murya, kuma da ihu ya yi da ya fi min sauƙi.

"Kin ga irin abin da muke faɗa da Baffa ke nan. Amma ba komai, saura ƙiris. Da an ɗaura aure kin bar wannan ƙazantar, ki dawo cikin mutane."

Wata goma sha ɗaya bai taɓa ce min zan bar shago ba. Ashe an yi zaman, an yanke, ni ce kawai ba a gayyata ba.

Baba ya koya min ba a jayayya da mai mota, nuna masa ake yi. Na durƙusa gaban tayar, rigar zuma ta sha ƙasa, na kama notin sama da yatsa biyu. Taku huɗu kawai motar ta yi, amma ya riga ya saki. Na murza, na murza, ya fito.

"Buɗe hannunka."

Na ajiye masa a tafi, da baƙin mansa da komai.

"A haka za ka hau babban titi. A haka za ka ɗauko Baffa."

Ya kalli notin.

Na karɓe na mayar, na koma na ɗauko doguwar sufana. Na bi su tsallake-tsallake yadda aka koya min, ban ƙara sauri ba, ban rage ba. Ƙas. Ƙas. Mai aski, ɗan neman magana, ya kama ƙirgawa a fili. "Uku! Huɗu! Saura ɗaya, Barista, a yi haƙuri!" Ƙas. Na miƙe, na ja baya, na ɗaga hannun dama sama yadda duk layin zai gani.

"Yanzu ka tafi."

Ya shiga ya tafi. Babu na gode, babu yi haƙuri. Na ga dai yana goge tafinsa da hankici, man kuma ya riga ya taɓa farar rigar.

Da na ɗaga kai sai na ga Baba a bakin taga. Ban san tun yaushe yake kallo ba.

A sama Gwaggo ta ga gwiwar rigata da farcen da ta yi kwana biyu tana kankarewa, ta ɗora hannu a ka. Umma ta kawo ruwan ɗumi a roba ta kama wanke min hannu kamar ƙaramar yarinya. Can ta ce a hankali, "Me ya faɗa miki a ƙasa? Na ga fuskarki."

Na faɗa mata.

"Maza suna faɗin abu cikin fushi," in ji ta.

"Umma, cikin fushi ake fito da abin da aka daɗe da ajiyewa."

Gwaggo ta cafe. "To sai me? In ya ce ki bar shago ba gata ya yi miki ba? Wace mace ce ke kuka don an raba ta da baƙin mai? Ki ce to ki shiga, in ya so kya lallaɓa shi a ciki."

Ku ji wannan shawarar da kyau, don ita ta cinye aure ba adadi: shiga, kya gyara a ciki. Ƙarya ce. Ba a ɗaure noti mota tana tafiya.

Na canza zuwa wata shuɗiyar riga marar ado, na zauna bakin gado. Kada ku zaci na san abin da zan yi. Na riga na ce to, dattijo ya taso daga nesa, Umma ta fito da kofunanta, kuma mutumin da ya yi min hon shi ne dai mai goya Baba. Baba bai kira ni ba, ni ma ban je ba.

Huɗu da minti ashirin suka iso. Baffa ɗan siririn dattijo ne mai tabarau da sanda, takalminsa yana ɗaukar ido. Lauya yana bayansa da tabon mai a gefen aljihu. Mu mata muna bayan labulen da ya raba falo da ɗakuna. Aka gaisa, aka sha shayi, Baffa ya yi magana mai tsari irin ta malaman makaranta. Ya yabi gidan, ya ce ɗansa ya ga abin da yake so, sun zo su ji ko an ba su.

Tun ciwon Baba magana tana yi masa nauyi, ɗaya-ɗaya yake fitar da ita, mutane kan ƙarasa masa. Ranar ba wanda ya ƙarasa masa.

"Malam... na gode da tattaki. Ɗanka... ya goya ni a bayansa. Ban manta ba." Ya huta. "Amma ni mai taya ne. Abu ɗaya na sani. A shagona... ba a sakin mota... sai mai ɗauri ya ɗaga hannu." Ya juyo da fuska wajen labulen kamar yana ganina. "'Yata ta ce to. Yau na duba... ban ga hannunta a sama ba. In ni ne ban gani da kyau ba... ta fito ta ɗaga."



Gwaggo ta mintsine ni a kwiɓi. "Fita!" in ji ta cikin raɗa. "Fita ki ɗaga, ko in ɗaga miki!" Ta kama gwiwar hannuna tana turawa sama kamar mai ɗaga jek. Na riƙe hannun damana da na hagu, na matse su a ciki. Umma tana gefena. Ba ta taya Gwaggo ba, ba ta hana ta ba, amma na ji ta ɗan matso har kafaɗarta ta taɓa tawa.

Labule bai motsa ba.

"To," in ji Baba. "Ba zan saki mota ba."

Baffa ya cire tabarau ya goge. "Ban gane zancen hannu ba. A yi min bayani."

Baba ya nuna Lauya da haɓa. "Shi ya sani."

Nan zan ba Lauya haƙƙinsa. Ya faɗi komai kansa a ƙasa. Bai ɓoye hon ba, bai ɓoye kalmar ƙazanta ba.

"Wace mota?" in ji Baffa.

"Wadda na ɗauko ka a ciki."

"Wato da yarinyar nan ta matsa maka, da yanzu ana tsince ni a gefen titi."

Baffa ya ƙura masa ido.

"Kuma ka yi mata hon."

"Na yi, Baffa."

"Shekara talatin da biyar ina koya wa 'ya'yan mutane su karanta tambaya kafin su amsa. Ashe na cikin gidana bai ɗauka ba." Ya mayar da tabarau. "Zancen barin shago kuma ni na kawo shi, don ban san me ake yi a shagon ba. Yau na sani, tunda a kansa na zo." Ya dubi Baba. "Ba a ba mu ba, ba a hana mu ba. Haka na fahimta?"

Baba ya gyaɗa kai.

"Ya isa. Mu ma ba ma ba da sakamako sai an gama jarrabawa." Ya dogara sanda ya miƙe, ya fuskanci labulen. "'Yata, ban gan ki ba, amma na hau aikinki. Allah ya yi miki albarka."

Ban san amin ɗina ta fita ko ba ta fita ba.

Gwaggo ta haɗa akwatinta kafin magariba, ta ce ita da gidan nan sai in gaisuwar mutuwa, ta kuma tafi da ragowar kek ɗin baƙi. Umma tana wanke kofuna ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ubanki bai yi doguwar magana irin wannan ba tun da ya kwanta." Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma ya ishe ni.

Washegari Lahadi aka yi tseren ƙarshe na shekara. Karo na farko cikin wata goma sha ɗaya da aka tashi tsere wayata tana kwance shiru. Baba ya mayar da hularsa. Da motarmu ta shigo canjin taya na matsa kusa da talabijin. Mutumin nan yana nan a baya ta hagu, ba a kore shi ba. Ya ɗaure, ya ɗaga hannu, aka saki mota. Na waiwaya na ga Baba ma ya ɗaga nasa mai lafiyar, shi kaɗai a kujera. Na tara muka zo. Dogo ya turo, "Kaza ta zo ta tara, a dafa mata shayi." Shekarar ta lalace, ba na musu. Amma tuta tana nan a bango, ba inda za ta.

Ana gama tsere saƙon Lauya ya shigo.

"Na kalli bidiyon. Sau goma sha ɗaya"

"Daƙiƙa ta tara. Bai ɗaga ba"

"Mutum biyu na yanke wa hukunci a mako ɗaya ban duba hujja ba"

"Ban ce ki amsa ba. Gobe ƙarfe bakwai zan zo shago, ba da mota ba. Na ɗauki hutun mako guda. In Dogo yana da tsohuwar rigar aiki a ajiye min"

Na san wasunku sun riga sun narke, har sun fara zaɓar min kalar rigar biki. Ku dakata. Daɗin baki irin notin da aka murza da hannu ne: a ido ya ɗauru, sai an hau titi ake sanin gaskiyarsa. Na karanta, ya ga na karanta, ban amsa ba. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, na karanta ya fi sau goma sha ɗaya.

Yau Litinin, bakwai saura minti goma, na sauko matakala goma sha huɗu da makulli a hannu. Na shiga ta ƙofar baya na kunna fitila. Ta ƙasan ƙofar ƙarfe na hango ƙafafu biyu cikin tsofaffin takalma, a tsaye, ba sa zagaye, ba sa buga ƙasa. Akwai tayoyin babbar mota shida a lungu da ke jiran a cire su tun Juma'a, kowace ta fi shi nauyi. Da su zai fara.

Na sauko da doguwar sufana daga ƙarƙashin tuta, na jingine ta inda zai gani. Ba yau zai taɓa ta ba. Sannan na sunkuya na kama ƙofar na ɗaga.

Ƙofa na ɗaga, jama'a. Hannuna yana ƙasa tukuna.